Ranar da Na Yi wa Inna Tafinta

Har yau in na ji an saki ƙofar shago ta ƙarfe da ƙarfi, irin mai naɗewa sama ɗin nan, sai gabana ya faɗi kafin hankalina ya dawo. Jiya ma haka ta faru. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara Turanci, mai shagon da ke jikin makarantarmu ya ja tasa zai tafi sallar azahar, sai ga alli a ƙasa. Yaran suka yi dariya, ni ma na taya su. Ba laifinsu ba ne. Ba su san zamanin da ƙarar ƙofa ɗaya ke jawo ta biyu, ta biyu ta jawo ɗari, kafin ka waiwaya duk unguwarmu ta Kilomita Biyar ta rufe da rana tsaka, ba mai tambayar abin da ya faru sai ya ga kansa a cikin gida.

Shekarata goma sha biyu a lokacin rikicin. Unguwar da duk Bangui ke zuwa sayayya ta koma wurin da ba a shiga ba a fita. Ka yi wajen unguwar Yakité akwai iyakar da ba ka wucewa, ka yi wajen Miskine ma haka, alhali can muke zuwa biki da suna a da. An rufe makarantu. Babana ya tafi Kamaru sarin kaya, hanya ta rufe a bayansa. Gidan ya rage daga ni sai Inna, sai ƙannena biyu ƙanana, sai kakana na wajen uba.

Kakan nan nawa dogon tsoho ne siriri, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Amarya yake ce min, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu, ni kuma in ce na fasa auren tunda angon ba haƙora. Amma da zarar ya buɗe littafi, babu sauran amarya. Yana saurayi ya yi wa wani Bature aikin tafinta a kanti, can Najeriya, kafin ya biyo fatake ya zauna a nan. A Bangui kuwa wa zai yi wa Turanci? Kasuwa da Sango ake ci, ofis da Faransanci, gida da Hausa. Shekara da shekaru ƙamus ɗinsa na kwance a ƙasan akwati. Da abin ya ɓaci sai ya zaro shi. Ya ce idan hanya ta buɗe Kano za mu, makarantun can da Turanci suke karatu, shi kuma ba zai kai ƙatuwar jika a zaunar da ita aji ɗaya da masu majina ba.

Bayan la'asar muke zama a gindin mangwaron tsakar gida. Zai shimfiɗa buzunsa, ya ajiye ƙamus ɗin, wanda ba bango kuma ya sha ɗinki da zaren buhu, ya zazzage ƙwallayen dabino daga wani gwangwanin madara. Sai ya jefo min kalmar Hausa. Ba ya karɓar amsa ɗaya. A wurinsa kowace kalma tana da dangi, kuma sai ka san dangin sannan ka san ta. In ya ce babba, zan fara da danginta na gida, ƙato, makeke, gagarumi, sannan in kawo masa uku na Turanci. Kowace na kawo ya ajiye ƙwallo ɗaya a gabana. In uku suka cika sai ya haɗa jimla in juya ta da kalmar farko, in sake da ta biyu, in sake da ta uku, in kuma gaya masa wadda ta fi zama daram a wurin. Jimlolin daga rayuwarmu yake ɗauko su. An rufe hanya. Gawayi ya yi wuyar samu. Tsoho ya gaji da zama.

"In kalma ta gudu ta bar ki, kada ki tsaya kina kallon bakin mutane," yakan ce. "Ki aiki 'yar'uwarta. Ita ma in ba ta nan, ki aiki maƙwabciya."

Farkon damina ne, lokacin da mangwaro ke nuna. In ɗaya ya faɗo kan kwanon ɗakin girki sai duk mu zabura, don kunne ya daina bambance faɗuwar mangwaro da abin da ya fi shi. Wani lokacin kuma ba mangwaron ba ne. Harbi zai tashi daga bakin titi, Inna ta kwashi yara ta yi ɗaki, ni ma in yunƙura, tsohon nan ko kai ba zai ɗaga ba. Mu matsa jikin katanga kawai, ya ƙara murya ya ce, "Biyu kika kawo. Saura ɗaya." Haƙorana na haɗuwa, ina laluben kalmar Turanci ta uku mai nufin gajiya. Wallahi a lokacin na tsane shi. Sai da na girma na gane cewa muddin kaina na cikin neman kalma, ba ya cikin ƙirga harsashi.

Akwai kalmomin da ba ya bayarwa. Bindiga, jini, gawa, ba su taɓa hawa buzun nan ba. Haka duk abin da ya shafi sha'anin mata. In muka zo kusa da irin waɗannan sai ya lashi babban yatsa ya wuce shafin da sauri, fuska a ɗaure. Yana kuma da doka ɗaya da ya fi riƙewa. Tafinta ba shi da bakin kansa: abin da aka ba shi zai miƙa, ba ƙari ba ragi. Ya ce ya taɓa ganin mutumin da aka ɗaure saboda wani tafinta ya ƙara wa maganarsa gishiri a gaban alƙali. Ranar da na ƙawata wata jimla da abin da bai faɗa ba, bai dake ni ba. Rufe littafin ya yi, ya mayar da ƙwallayensa gwangwani, bai sake kallona ba sai washegari. Na fi tsoron wannan da bulala.

Yanzu bari in gaya maka halin Inna. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido da ido ba. "Ke" ce sunana a bakinta. Tsakaninta da kakana kuwa kunya ce irin ta surukai na da. Ba ta ci a gabansa, ba ta ɗaga murya in yana tsakar gida, gaisuwa a durƙushe daga nesa. Tana da ciki wata huɗu ko biyar, na gane ne daga yadda ta daina jure warin manja, amma a gidanmu ba a faɗin wannan. Ana jira ne kawai a ji kukan jariri, sannan kowa ya yi kamar ya yi mamaki.

Wata safiya na zagaya bayan rijiya zan ɗebi ruwa, na same ta tsugune tana wankin zani a kwano. Ruwan ya yi ja wur. Ta juye shi a kwata, ta sa ƙafa ta tura ƙasa a kai. Da ta miƙe sai ta yi baya, ta dafa bango, leɓɓanta sun yi fari. Ta gan ni.

"Ke, ba ki ga komai ba," ta ce. "Tsohon nan abin da ke kansa ya ishe shi."

Washegari na sake gani, da jibi, da gata. Na riƙa tashi da wuri ina leƙen kwatar nan, ina ganin sabuwar ƙasa a kai. Ba ni da wanda zan gaya wa. A rana ta biyar tana tuƙa gozo, tuwon rogon da muka koma ci tunda shinkafa ta yanke, sai ta zube a gefen murhu, muciya a hannu. Kakana ya tsaya daga bakin zaure ya tambayi lafiya. Ta ce jiri ne, da sauƙi. Ya ce gobe likitocin waje za su zo sito na kusa da masallacin Koudoukou, shi da kansa zai raka ta.

Tafiyar da a da ba ta kai shan shayi ba, ranar mun daɗe muna yin ta. Muna bin jikin katanga, kakana a gaba da sandarsa. Titi wayam, shaguna a rufe, warin ƙonannen taya ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Samarin unguwa na zaune kan shingensu suna bin kowa da ido. Kowane 'yan taku Inna za ta tsaya ta sunkuya kamar tana gyara takalmi. Ni kaɗai na san ba takalmin ba ne.

Sito ne na shinkafa a da, har lokacin yana warin buhu. An raba shi biyu da shuɗin tamfol, maza a waje, mata a ciki. Muka tarar da layin mata ya tsaya cik. Tafintar da ke zuwa da likitocin 'yar Miskine ce, ranar ba ta samu tsallakowa ba. Likitar mata kuma wata gajeriyar baƙar mace ce daga gabashin Afirka, ba Sango, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Ana ta nune-nune da hannu, mata na dariyar takaici. Kakana na jin Turanci, amma namiji ba ya shiga inda mata ke kwance zani, balle suruki. Sai ya juyo ya kalle ni, na ga idonsa na ƙyalli a bayan tabarau.

"Amarya, yau za mu ga ko dabinona ya tafi a banza," ya ce. "Ina nan bayan tamfol. Ina jin ki."

Aka ba shi benci daf da tamfol ɗin. Ina ganin inuwarsa, ina jin ƙas ƙas na carbinsa.

Inna ta zauna kan kujera, lulluɓe da babban mayafi har ƙasa. Likita ta tambayi abin da ke damunta. Na juya wa Inna. Inna ta kalli tamfol, ta yi ƙasa da murya.

"Ki ce mata da sauƙi. Ɗan jiri ne da ciwon kai."

Na juya shi Turanci tsaf, na ma zaɓi kalmar jiri da kakana ya fi so cikin ukun. Na ji ya yi gyaran murya irin na jin daɗi. Likita ta taɓa goshin Inna, ta tambaya ko akwai wani abu kuma. Inna ta ce babu komai, alhamdulillahi. Na miƙa wannan ma yadda aka ba ni. Likitar ta gaji, kana gani a idonta, ga mata fiye da talatin na jira a baya. Ta jawo kwalba ta fara ƙirga ƙwayoyin zazzaɓi a 'yar leda.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko a ranakun harbi. In na yi shiru za mu koma gida da ledar nan, gobe in sake ganin sabuwar ƙasa a kwata, har ranar da Inna ba za ta tashi ba. In na yi magana kuwa, na tona abin da uwata ta ce ban gani ba, a kunnen mutumin da ta fi jin kunya a duniya, wanda kuma zai ji da kunnensa ina karya dokarsa. Likita ta ƙulle bakin ledar ta miƙo.

Ban karɓa ba. Na buɗe baki, sai na tarar ba ni da kalmar. Jini yana cikin shafukan da ake wucewa. Na tsaya baki buɗe, likita na kallona. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina aiken maƙwabta. Ba zan rubuta maka Turancin da na yi ba, don ko yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ce uwata tana ɗauke da jariri. Na ce jan ruwa. Likita ta ɗaga gira. Na ce ruwan da ke fita in wuƙa ta yanke mutum. Na ce da yawa, na jero mata duk dangin da yawa da na sani, ɗaya bayan ɗaya. Na ce kowace safiya, kwana biyar. Na ce tana ɓoyewa, tana rufewa, tana binnewa. Na ce ta faɗi jiya.

"Ke, me kike ta zuba haka?" Inna ta ce.

"Godiya nake yi mata, Inna."

A bayan tamfol, ƙarar carbi ta tsaya.

Likita ta ajiye ledar. Ta ɗaga fatar idon Inna ta duba, ta kwantar da ita, ta juya ni na fuskanci bango. Ba a jima ba na ji tana kiran abokan aikinta da ƙarfi. Ta ɗaga tamfol ta fita, ta tambaya waye namijin da ya kawo matar nan. Ta gaya wa kakana cewa sai an kai ta babban asibiti cikin gari yau ɗin nan, in ba haka ba ba ta yi alkawarin kwana biyu ba. Cikin gari! Duk wanda ke sito ɗin ya san ma'anar wannan a waccan shekarar. Mutanenmu da suka tsallaka iyakar unguwa, ba duka suka dawo ba. Turancin kakana da nake zaton ƙarfe ne, ranar na ji shi yana rawa. Tambaya ɗaya ya yi, ko za ta dawo mana da ita. Likita ta ce ita da kanta za ta zauna kusa da ita a mota, iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan. Sai ya karɓi alƙalami ya sa hannu.

Wata nas ta cire wa Inna mayafi ta ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurin matan gari, don kada a gane Musulma ce a hanya. Ban taɓa ganin wuyan uwata a waje ba sai ranar. Da za a rufe ƙofar farar motar likitocin ta dubi wajen da nake.

"Ke, ki kula da ƙannenki. Gishiri yana cikin gwangwanin sama."

Muka dawo gida ni da kakana. Na yi girki, na ƙona shi. Bayan la'asar ina ɗaki na ji ya shimfiɗa buzu kamar kullum. Na fito na durƙusa a gabansa, ina jiran ya rufe littafin.

"Kin yi ƙari," ya ce.

"Na yi."

"Kin kuma yi wa uwarki ƙarya."

Hawaye suka fara ɗiga kan hannuna.

"Kuskure huɗu na ƙirga a Turancinki."

Sai ya lashi yatsa ya fara buɗe shafuka, ya tsaya a ɗaya daga cikin waɗanda yake wucewa. Ya juyo min da littafin, ya ɗora yatsa a kan kalmar da na rasa. Bai furta ta ba.

"Daga yau ki riƙa buɗewa da kanki," ya ce. "Akwai wuraren da bakina ba zai iya raka ki ba."

Ya ɗauki buta ya zagaya bayan mangwaro, alhali lokacin alwala da saura.

Kwana huɗu ba labari. Ba na son tuna su. Duk harbin da ya tashi daga wajen gari sai in ce a kan motar nan ne, kuma bakina ne ya sa ta a ciki. Na daina iya haɗiye abinci. Ƙaramar ƙanwata na tambayata ina Inna, ina ce mata ta je unguwa. A rana ta biyar da hantsi farar motar ta tsaya a bakin layinmu. Inna ta fito a hankali, ta rame, an riƙe mata hannu. Ta dawo da ranta, babu cikin. Ba wanda ya ambaci wannan a gidanmu, a ranar ko bayanta. Maƙwabta da suka zo sannu, abin da take ce musu ɗaya ne: "Likitar nan ido gare ta. Kallo ɗaya ta yi min ta gane." In ta faɗa sai in sunkuyar da kai. Kakana ma bai taɓa gyara mata ba har ya koma ga Allah.

Kano dai ba mu je ba. Hanya ta buɗe, babana ya dawo, muka zauna inda muke. Turancin da aka koya min don gudun hijira shi ne yanzu abincina. Yaran da nake koyarwa ba sa laluben kalma, waya suke latsawa ta zubo musu guda goma. Hausarsu ta yi siriri, da Sango suke faɗa da juna, kuma ba abin da ba za su iya faɗa a gaban kowa ba. Wani lokacin abin yana ƙona min rai. Wani lokacin kuma in kalli 'yan matan ajin in ce a raina, ko ba komai, a cikin waɗannan ba wadda za ta tura ƙasa a kan ciwonta saboda kunya.

Inna kam tana nan yadda take. Watan jiya numfashi ya fara yi mata wuya, tana ɓoyewa, ni kuma ina ji daga ɗakina duk safiya. Da kyar ta yarda na kai ta asibiti. Likitar yarinya ce 'yar garin nan, da Sango ta yi tambaya, Sangon da Inna ta fi ni iyawa. Ba a bukatar tafinta. Na ja kujera gefe na zauna. Likita ta tambayi yadda jikin yake, Inna ta kalli bango ta ce da sauƙi. Sai na ji hannunta a kan gwiwata. Ba ta kalle ni ba.

"Ke," ta ce da Hausa, "ki yi mata godiyar nan taki. Irin wadda kika yi wa waccan. Kada ki rage komai."